Brutal Doom ya ƙi buɗewa, in ya buɗe kuma yana tsinkewa: laifin kwamfuta ne?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a nan Jos, ina zaune a Unguwar Rogo. Na ga bidiyon Brutal Doom a YouTube ya burge ni, na sauke fayil ɗinsa mai suna brutalv21.pk3, amma da na danna shi bai buɗe ba. Abokina ya turo mini GZDoom da wani fayil doom1.wad, na haɗa su, sai wani rubutun Turanci ya fito wasan ya rufe kansa. Daga baya na gwada da doom2.wad ya buɗe, to amma da zarar dodanni sun yi yawa sai hoton ya riƙa tsinkewa kamar zai tsaya. Na kuma sauke wata taswira na ƙara a kai, ban gan ta ba, matakan da na saba gani ne suke fitowa. Laftof ɗina ta hannu ce, Core i5 ƙarni na uku, RAM gigabait 4, Windows 10. Ita ce ta yi rauni ko ni ne ban iya haɗawa ba? Kuma ana iya buga shi a waya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, abubuwa huɗu ne suka same ka a jere ka ɗauka ciwo ɗaya ne: fayil da ya ƙi buɗewa, rubutun da ya rufe wasan, taswirar da ta ƙi fitowa, sai tsinkewar hoto. Ukun farko babu ruwan laftof ɗinka, ko sabuwa fil ka ciro daga kwali haka za ta yi maka. Na huɗun ne kaɗai ya shafi ƙarfinta, shi ma akwai abin yi da yawa kafin a kai ga maganar kuɗi.

## Abubuwa uku ne suke haɗuwa

Brutal Doom ba wasa ba ne mai zaman kansa. Gyara ne da wani masoyin wasan ya ɗora a kan Doom, irin abin da 'yan harkar suke kira mod. Kamfanin id Software ya fitar da Doom a Disambar 1993, Doom II kuma a 1994, kuma tun farko sun raba wasan gida biyu. Injin da ke tafiyar da shi daban, kayan cikinsa daban, wato taswirori da hotunan dodanni da ƙarar bindiga da kiɗa, duk a fayil guda mai ƙarewa da .wad. Wannan rabon ne ya ba mutane damar ƙera nasu matakan. A ƙarshen 1997 kamfanin ya saki rubutun injin ga kowa, daga nan masu ilimin abin suka riƙa sake gina shi domin ya yi aiki a sababbin kwamfutoci. GZDoom ɗaya ne daga cikin injinan da aka samu ta wannan hanya, kuma inji ne zalla, babu ko taswira ɗaya a cikinsa.

Ke nan kafin ka buga kowane mod sai abubuwa uku sun zauna daidai, kamar duwatsun murhu: inji, da uwar fayil ta ainihin wasan da ake kira IWAD, sai mod ɗin kansa. Kusan duk matsalar da sabon shiga yake kawowa, in aka bi ta, ɗaya daga cikin ukun nan ne bai dace da sauran biyun ba.

Shi ya sa brutalv21.pk3 bai buɗe ba da ka danna shi. Fayil ɗin .pk3 zip ne aka canja masa suna, Windows ba ta san abin da za ta yi da shi ba. Kada kuma ka ce za ka kwance shi da 7-Zip ko WinRAR, a dunƙule injin yake karanta shi. Abin da ake kwancewa shi ne zip ko rar ɗin da ya zo a ciki daga intanet. Ka shiga View a foldarka ka sa alama a File name extensions, domin Windows tana ɓoye ƙarshen sunan fayil, mutum ya yi ta fama da zip yana zaton pk3 ne.

## Uwar fayil

Rubutun da ya fito maka da doom1.wad kusan tabbas shi ne "You cannot -file with the shareware version. Register!" Wannan doom1.wad shi ne ɗanɗanon da kamfanin ya raba kyauta a 1993, kashin farko ne kawai na wasan, girmansa megabait 4 da 'yan kai. Da gangan aka hana ɗora komai a kansa, kuma GZDoom ya riƙe wannan ƙa'ida har yau. Babu saitin da zai buɗe shi, ajiye shi gefe kawai.

Waɗanda ake ɗora mod a kansu su ne DOOM.WAD na The Ultimate Doom, mai kusan megabait 12, da DOOM2.WAD mai kusan 14, sai TNT.WAD da PLUTONIA.WAD na Final Doom da ya fito a 1996. Mafi yawan taswirorin masoya a kan DOOM2.WAD aka gina su, saboda shi ne mai bindigar nan mai baki biyu da ƙarin dodanni. Har yanzu kayan sayarwa ne. Ana samun su a haɗe cikin DOOM + DOOM II da aka fitar a Agustan 2024 a Steam da GOG, ba shi da tsada kuma yakan shiga rangwame, in katinka na banki yana biyan kuɗin waje. Ka saye shi a Steam, GZDoom yakan gano fayilolin da kansa. In bai gano ba, ka kwafo su daga foldar wasan ka zuba kusa da gzdoom.exe.

Doom2.wad ɗin da ake turawa hannu da hannu ba na ba ka shawarar ka dogara da shi, ban da batun haƙƙin mai shi, sau da yawa an taɓa cikinsa ko tsohuwar fitowa ce. Na 1.9, wanda akasarin mod suke tsammani, girmansa bait 14,604,584 ne cif. In ba ka da halin saye yanzu, akwai Freedoom: masu sa kai ne suka zana komai sabo suka sake shi kyauta. freedoom1.wad yana tsayawa a madadin DOOM.WAD, freedoom2.wad a madadin DOOM2.WAD. Kamannin dodanni da bangaye sun sha bamban, amma sunayen kayan ciki iri ɗaya ne, don haka yawancin mod suna hawa kansa lafiya, har da Brutal Doom.

## Yadda ake haɗawa

Buɗe folda guda mai gajeren suna, a ce C:\Doom. Kada ka sa ta cikin Program Files, can Windows takan hana rubuta saiti. Zuba GZDoom a ciki, da uwar fayil, da mod. Kafin ka ɗora komai, danna gzdoom.exe shi kaɗai, ka zaɓi uwar fayil a ƙaramar tagar da za ta fito, ka shiga matakin farko ka ɗan zagaya. Wannan gwajin mutane suke tsallakewa, alhali shi ne zai nuna maka inji da uwar fayil lafiyarsu ƙalau, duk abin da ya ɓaci daga baya daga mod ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ja brutalv21.pk3 da maus ka sake shi a kan gzdoom.exe. Fayil ɗaya ne, wannan ya wadatar. Da zarar sun kai biyu, ja da saki ba ya ba ka ikon tsara wanda zai riga wani shiga, kuma jerin yana da muhimmanci: in fayiloli biyu suna ɗauke da abu mai suna ɗaya, na ƙarshen shiga shi ne yake danne na farko. Buɗe Notepad ka rubuta layi guda kamar haka:

gzdoom.exe -iwad doom2.wad -file taswira.wad brutalv21.pk3

Ka adana shi da suna irin su brutal.bat a cikin foldar nan, ka tabbata ka zaɓi All files wajen adanawa, in ba haka ba zai zama brutal.bat.txt ya ƙi tashi. Ƙa'idar da nake bi ita ce taswira a gaba, mod mai canja makamai da dodanni a bayanta, ƙananan ƙari irin su kiɗa ko sabon allon lafiya da harsashi a can ƙarshe. Sunan fayil in yana da tazara a tsakiya, sai ka rufe shi da alamar zance. In taswira ta zo da fayil mai ƙarewa da .deh, wato DeHackEd mai canja halin dodanni da makamai, shi ma sai an loda shi, ta ƙara -deh da sunansa a layin. Wanda ba ya son rubuce-rubuce ya nemi ZDL ko Doom Runner, ƙananan manhajoji ne da ake jera fayiloli a ciki a ajiye kowane haɗi da sunansa.

Mod biyu masu canja makamai ba sa zama inuwa ɗaya. Brutal Doom da Project Brutality, wani mod irinsa, tare, alal misali, rikici ne kawai.

## Taswirar da ba ta fito ba

A nan dalilai uku ne suka fi yawa, kuma amsar tana cikin ɗan fayil ɗin .txt da ke zuwa tare da taswirar. Kusan duk abin da ke idgames, rumbun intanet da masoya suke ajiye taswirorinsu, yana da shi, tsarinsa iri ɗaya ne, kuma layuka uku kawai kake nema: wasan da aka yi ta dominsa, lambar matakin, da injin da take buƙata.

Na farko, Doom na ɗaya yana lissafa matakansa da E1M1, E1M2 har zuwa sama, Doom II kuma MAP01 zuwa MAP32. Ka ɗora taswirar E1M1 a kan doom2.wad, injin zai karɓe ta ba tare da ƙorafi ba, amma ba za ka taɓa isa gare ta ba, domin Doom II daga MAP01 yake farawa. Fakitin taswirori na SIGIL, wanda John Romero, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Doom, ya fitar a 2019, yana cikin wannan aji, DOOM.WAD yake so. Wani lokaci taswirar takan fito amma bangaye da wani zane da ba nasu ba, ko ka ga alamar ! tana tsaye a inda dodo ko wani kaya ya kamata ya kasance. Duk alamar uwar fayil ko injin da bai dace ba ne, ko kuma akwai fayil na biyu da ba a loda ba.

Na biyu, taswirar guda ɗaya ce kuma mai ita bai sa ta a gurbin farko ba. In takardar ta ce MAP07, sai ka ƙara -warp 07 -skill 3 a ƙarshen layinka, ko kana cikin wasa ka danna maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, allon umarni ya sauko, ka rubuta map map07. Na uku, ka ja zip ɗin gaba ɗaya alhali wad ɗin yana cikin wata folda a cikinsa. Fito da shi fili.

Batun inji kuwa, ka san cewa ba duk mod ne yake son GZDoom ba, kuma ba duk inji ne yake iya ɗaukar pk3 ba. Chocolate Doom yana kwaikwayon na asali tsaf, har da iyakokinsa da ƙaramin hotonsa na 320 sau 200. Crispy Doom ya ɗan buɗa. DSDA-Doom da Woof su ne na taswirorin da aka rubuta Boom ko MBF ko MBF21 a takardarsu, wato sunayen tsarin injin da aka yi su a kai, kuma a DSDA-Doom ana faɗa wa injin tsarin da zai bi da -complevel: 2 na Doom II, 3 na Ultimate Doom, 4 na Final Doom, 9 na Boom, 11 na MBF, 21 na MBF21. Babu ɗayansu da zai ɗauki Brutal Doom. Shi sai dangin ZDoom, wato GZDoom ko LZDoom ko Zandronum, ko UZDoom da ya ɓalle daga GZDoom a ƙarshen 2025. Injin da ke cikin DOOM + DOOM II na 2024 shi ma ba ya ɗaukarsa, fayilolin wad ɗinsa kawai za ka ara.

In ka ga "Script error" da sunan fayil da lambar layi, yawanci fitowar injin ce ba ta yi daidai da ta mod ba: ko mod ɗin ya fi injinka sabunta, ko tsoho ne da sabon inji ya daina yi wa uzuri. Ba laifi ka ajiye GZDoom iri biyu a folda biyu daban.

## Tsinkewar hoto

Yanzu mun zo kan laftof ɗin. Core i5 ƙarni na uku na laftof da Intel HD 4000 yake zuwa, ba shi da katin hoto na kansa, daga RAM ɗinka yake yankar rabonsa. Doom na asali ba komai ba ne a wurinsa. Brutal Doom ne mai nauyi, kuma nauyinsa iri biyu ne, sai ka gane wanne ne yake danne ka kafin ka fara taɓa saiti barkatai.

Sauko da allon umarni ka rubuta vid_fps 1, lambar hotunan da ake zanawa a daƙiƙa za ta bayyana a kusurwa. Wasan kansa sau 35 yake motsawa a daƙiƙa, saboda haka in kana 35 ko sama, babu abin da ka rasa na wasa. Ƙasa da 25 ne hannu yake fara jin nauyi. Je ka wurin da yake tsinkewa, ka rubuta freeze. Komai zai daskare in ban da kai. In lambar ta yi tsalle sama, firosesa ce ta gaji da lissafi. In ba ta motsa ba, zanen hoto ne. Sake rubuta freeze ya sake su.

Dalilin na farkon shi ne a Brutal Doom kowane ɗigon jini, kowane kwanson harsashi, hayaƙi da gutsuren nama, abu ne mai zaman kansa da injin yake lissafa motsinsa sau 35 a daƙiƙa, kuma lissafin nan a layi guda yake tafiya, yawan ƙwayoyin firosesa ba ya rage shi. Ka kashe dodo talatin a ɗaki ɗaya, ka tara ɗaruruwan irin waɗannan. Maganinsa yana cikin saitin Brutal Doom ɗin kansa a ƙarƙashin Options: rage yawan jini, ka kunna zaɓin da ke share gawarwaki da tarkace bayan ɗan lokaci, ka kunna yanayin da ke rage kwalliyar hoto. Rage girman allo ba ya taɓa wannan ciwon ko kaɗan, shi ya sa wasu suke ragewa har hoto ya dushe su ce babu abin da ya canja.

In zanen hoto ne, fara da tagar farko da ke fitowa kafin wasa, inda ake zaɓar Vulkan ko OpenGL ko OpenGL ES. HD 4000 ba ya yin Vulkan a Windows. Zaɓi OpenGL ES, domin tsofaffin kwamfutoci irin taka aka ƙara shi, kuma shi kaɗai yakan kawo bambanci mai yawa. Daga nan hasken da ke fita daga harbi da wuta shi ne na biyu a ci: gl_lights 0 yana kashe shi. Kashe su bloom da ambient occlusion da multisampling in suna kunne. Sannan ka sauke girman hoto daga 1366 sau 768 zuwa 960 sau 540 ko kusa da haka, wasa ne da aka zana shi da manyan ɗigo, ba ya munana. Ka kuma rubuta gl_texture_filter 0. Wannan ba don gudu ba ne sosai, don kyau ne: GZDoom yakan shafe hotuna su yi dishi-dishi, ni dai ban ga abin so a ciki ba. In ba ka ga waɗannan zaɓuɓɓuka a menu ba, akwai Full options menu a ƙasa, a can suke.

Duk wannan bai isa ba, gwada Brutal Doom v21 a Zandronum ko LZDoom. Dukansu tsohon salon zane suke amfani da shi, sukan fi sauƙi a kan tsohon ƙarfe. Wanda tasa ƙarni na biyu ce mai HD 3000, ko Windows ɗinsa 32-bit ce, gara ma ya fara daga LZDoom kai tsaye.

Akwai kuma abubuwan da ba su shafi wasan ba. Laftof in tana kan batir takan rage gudun firosesa da kanta, to ka gwada da caja a jiki, ka sa Power mode a kan mafi ƙarfi. Rufe burauza gaba ɗaya, domin gigabait 4 ɗin nan Windows 10 ta riga ta cinye kaso mai tsoka. Lura kuma da lokacin da tsinkewar take farawa. In wasa yana tafiya sumul minti goma na farko sannan ya fara ja, fanka tana kuka, gefen hagu ya yi zafi, to zafi ne. Sanyin Jos ba ya hana wannan, ƙurar hunturu takan toshe ragar da iska ke fita har ta zama kamar auduga. Kai ta wurin masu gyara a wajen Taminus su buɗe su share fanka su canja man da ke kan firosesa, kuma ka daina ɗora ta a kan katifa ko bargo. In za ka kashe kuɗi a abu ɗaya, ƙara RAM na biyu mai gigabait 4, DDR3 na laftof, wanda ya yi daidai da na ciki. Ba yawan kaɗai ba, guda biyu a gurbi biyu suna faɗaɗa hanyar da HD 4000 yake ɗibar bayanai, kuma ana ganin hakan a wasa. Ka je da laftof ɗin a gwada a gabanka, saboda akwai mai 1.5V akwai mai 1.35V.

Sai dai in gaya maka gaskiya, akwai inda gyara yake tsayawa. Da wannan kwamfutar za ka buga Brutal Doom a matakan Doom II na asali da taswirori matsakaita cikin jin daɗi. Project Brutality da fakitin manyan hotuna, ko taswirar da ta tara dodanni dubbai, ba za su yi ba ko me ka kashe.

## Abin da ya dace a ɗora wa Brutal Doom, da wanda bai dace ba

Ga ra'ayina, wanda wasu ba za su so ba. Brutal Doom yana da daɗi, amma yana ɓata taswirori masu kyau da yawa. Mai taswira ya auna komai da dokokin asali: harsashi nawa zai ajiye, dodo nawa, daga ina za su ɓullo. Brutal Doom ya canja ƙarfin bindigogi, ya sa sai ka tsaya ka yi lodi, ya sa harbin kai ya fi illa, dodanni sun fi zafin nama. Wuri mai sauƙi sai ya zama azaba, wuri mai wuya ya zama wasan yara. Mafi muni su ne taswirorin da suka zo da nasu dodannin ta hanyar DeHackEd, irin su Valiant na 2015, Ancient Aliens na 2016 da Eviternity na 2018. Dodanninsu da na Brutal Doom suna rigimar gurbi ɗaya, sai ka ga wani ya ɓace ko ya tsaya ƙiƙam. Shi ya sa Valiant yake da wata fitowa daban, Vaccinated Edition, wadda aka cire wa waɗannan domin masu ɗora mod.

Irin wannan rigimar takan iya rufe maka hanya ɗungurum. A MAP07 na Doom II, bango ba ya sauka sai ka kashe duk masu ƙibar nan da ake kira Mancubus, sannan matakalar fita ba ta tashi sai gizo-gizon ƙarfe sun ƙare. Taswirorin masoya da yawa sun gaji wannan dabara a gurbin 07. Mod ɗin da ya musanya dodannin bai kula da wannan ba, sai ka kashe kowa ka yi ta zagaye babu ƙofa. Haka tsalle da durƙuso: babu su a Doom na asali, dangin ZDoom ne suka ƙara, kuma a taswirar da ba a yi ta da su ba za ka iya haye katangar da ke riƙe da tsarin matakin ka maƙale. In takardar ba ta ce a yi tsalle ba, kada ka yi.

Don haka ka raba biyu. Brutal Doom a matakan asali, da TNT, da fakitin taswirorin da aka ce an yi su dominsa. Sannan ka sauke DSDA-Doom ko Woof ka buga fakitin taswirori na Scythe na 2003, wanda matakansa na farko gajeru ne masu koyar da hannu, daga nan Ancient Aliens, daga nan Eviternity. Waɗannan injinan a laftof ɗinka gudu za su yi ba tsinkewa, kuma a ganina a nan ne ainihin gwanintar masu ƙera taswira take. Wajen zaɓar wahalar wasa, fara da Hurt Me Plenty, wato matsakaici. Ultra-Violence, wanda ya fi shi wuya, a taswirorin zamani an yi shi ne don waɗanda suka shekara suna bugawa, fakitin Sunlust mai tsananin wuya kuwa bar shi tukuna. In kana neman abin bugawa na gaba, duba Cacowards, jerin taswirori da mod mafi kyau na shekara da dandalin Doomworld ke fitarwa duk Disamba tun 2004.

Abu ɗaya kuma, tunda gidan haya ko gidan iyaye ba a rasa yara: Brutal Doom jini ne da yankan gaɓoɓi tsagwaronsu, ba na kallon ƙannenka ba ne. In sun matsa, akwai Chex Quest 3 da The Adventures of Square, kyauta ne, a kan wannan dangin injin suke, kuma ba sa buƙatar doom2.wad.

## Adana wasa da ɗauke wuta

F6 yana adanawa nan take, F9 yana dawo da kai. GZDoom kuma yana adanawa da kansa a farkon kowane mataki. In batirinka ya mutu, wutar da aka ɗauke daidai lokacin da ake rubuta fayil takan lalata shi, saboda haka ka riƙa juyawa tsakanin gurbi biyu ko uku ta F2. Ajiyar tana ɗaure da fayilolin da ka loda: ka canja fitowar mod ko ka cire wani ƙari a tsakiyar tafiya, tana iya ƙin buɗewa. Ƙara -savedir da sunan folda a kowane .bat domin ajiyar Brutal Doom kada ta cakuɗe da ta wasu. Kada ka manta da shiga Customize Controls, a can ƙasa akwai maɓallan Brutal Doom na lodi da shuri da gurneti, wani lokaci babu abin da aka ɗaura musu.

## A waya, da kuma bugawa da abokai

Ana iya yi a Android. Delta Touch ita ce manhajar da aka fi sani, ta kuɗi ce a Play Store, tana ɗauke da GZDoom da LZDoom da Zandronum da wasu a ciki. Dokar ba ta canja ba: kai za ka kawo uwar fayil, ka kwafa ta da mod ɗin zuwa foldar da manhajar ta nuna maka. Brutal Doom yana da maɓallai da yawa, a kan gilashi yatsu sukan rasa wurin zama, sai da abin riƙewa na Bluetooth yake daɗi. Wayar mai RAM gigabait 2 ko 3 za ta yi zafi ta ja, a can ma LZDoom ya fi.

Ku biyu ko uku ne a ɗaki ɗaya, Zandronum za ku nema. Waya ɗaya ta buɗe hotspot, ko babu data, kowa ya hau. Mutum ɗaya ya tayar da sabar da -host, ya duba lambarsa da ipconfig, saura su shiga da -connect da wannan lambar, tashar 10666 ce in ba a canja ba. Dole fayilolin kowa su zama iri ɗaya kuma a jere ɗaya, kuma mai sabar ya amsa wa Windows Firewall da Allow.

Daga nesa iyakar abin da zan iya ke nan, domin saƙon kuskure kowanne da ma'anarsa. In ka bi waɗannan wani abu ya ƙi, ƙara +logfile log.txt a ƙarshen layin .bat ɗinka ka sake tayarwa. Fayil mai suna log.txt zai bayyana a foldar. Turo mini layuka goma na ƙarshensa, da lambar fitowar GZDoom ɗinka, da sunan taswirar yadda yake a rubuce.